Ciwon Daji da Maganar Gado: Nazari daga Simsim ta Jihar Gadarif

1.0 Gabatarwa

Kalmar gado tana da faɗin ma'ana a Hausa. Ana gadon gona da gida, ana gadon sarauta da sana'a, ana kuma gadon kama da hali, shi ya sa akan ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Idan wata cuta ta yawaita a gida ɗaya, da wannan kalma dai ake bayyana ta, a ce "gadonsu ne" ko kuwa "a jininsu take". Wannan takarda za ta duba matsayin wannan magana dangane da ciwon daji, wanda ake kuma kira sankara. Manufarta ita ce ta nuna cewa abin da ɗa yake gada daga iyayensa wani rauni ne da ke ƙara masa yiwuwar kamuwa da ciwon, kuma sanin tarihin gida shi ne matakin farko na gane wannan rauni. An ɗauki yankin Simsim na ƙasar Sudan a matsayin misali, domin wuri ne na karkara mai nisa daga manyan asibitoci, a jihar da Hausawa suka daɗe da zama.

Za a yi amfani da keɓaɓɓun kalmomi guda uku. Ƙwayar jiki ita ce ƙaramar halittar da ake gina tsoka da jini da ƙashi da ita. Ƙwayar gado ita ce umarnin da ke rubuce a cikin ƙwayar jiki, wanda ɗa ke samu daga uwa da uba. Tangarɗa kuwa ita ce sauyin da ya lalata wannan umarni.

2.0 Simsim da Hausawan Gadarif

Jihar Gadarif tana gabashin Sudan, tana iyaka da ƙasar Habasha. Ƙasa ce mai baƙin laka wadda ta yi suna wajen noman dawa da riɗi. Simsim tana kudu da birnin Gadarif, kuma sunan nata ma'anarsa riɗi da Larabci. An fara noman inji a wannan jiha tun tsakiyar shekarun 1940, sannan a ƙarshen shekarun 1960 aka buɗe manyan gonaki a Simsim da rancen Bankin Duniya. Wannan noma ya jawo ma'aikata daga yammacin Sudan da wasu wurare.

Zuwan Hausawa gabashin Sudan ya girmi noman inji. Hanyar Hajji ta ƙasa ce ta fara kawo su, inda mahajjata daga Kano da Katsina da Sakkwato kan yada zango su yi noma ko ƙwadago don neman guzuri, wasu kuma su zauna ke nan. Bayan yaƙin Burmi na 1903, wanda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya rasu a cikinsa, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya jagoranci jama'a zuwa gabas, har suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu. Jikokin waɗannan matafiya suna nan a birnin Gadarif da ƙauyukan bakin kogin Rahad.

Wannan tarihi yana da nasaba da batun takardar. Gida ɗaya yakan rabu biyu, reshe guda a Sudan, reshe guda a Nijeriya ko Nijar. Ƙwayoyin gado sun yi tafiyar tare da mutane, amma labarin cutar da ta kashe kaka ko goggo sau da yawa yakan tsaya can inda aka baro.

3.0 Yadda Ciwon Daji ke Farawa

Jikin baligi yana ɗauke da ƙwayoyi kimanin tiriliyan 30. A cikin kusan kowace, ban da jajayen ƙwayoyin jini, akwai sinadarin DNA, wanda za a iya kwatanta shi da littafi mai haruffa kusan biliyan 3. An kasa littafin zuwa ƙunshi 23, kowane ƙunshi kuma kwafi biyu ne, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. A cikin waɗannan ƙunsoshi ne ake samun ƙwayoyin gado kimanin 20,000.

Duk lokacin da ƙwayar jiki za ta rabu biyu, sai ta kwafe littafin baki ɗaya. Wanda ya san aikin masu kwafar littattafai da hannu ya san ba a rasa tuntuɓen alƙalami. Saboda haka jiki yana da wasu ƙwayoyin gado waɗanda aikinsu shi ne duba kwafin da gyara kuskure, da wasu masu tsawata wa ƙwayar jiki idan ta so yin yaɗon da ya wuce kima. Ciwon daji yana farawa ne idan kurakurai suka taru a ƙwaya guda har ta daina jin tsawa, ta yi ta hayayyafa, ta zama ƙari, daga baya ta bazu zuwa wasu sassan jiki.

Yawancin waɗannan kurakurai a tsawon rayuwa ake tara su, ta dalilin tsufa ko taba ko wasu ƙwayoyin cuta, kuma ba sa wucewa zuwa ga 'ya'ya. Masana sun ƙiyasta cewa kashi 5 zuwa 10 cikin 100 ne kawai na masu ciwon daji suka samo tushensa daga tangarɗar da suka gada.

A 1971 wani likita ɗan Amurka, Alfred Knudson, ya bayyana yadda wannan gado yake aiki, bayan ya yi nazarin wani dajin ido da ke kama ƙananan yara. Tun da kowace ƙwayar gado kwafi biyu ce, sai duka biyun sun lalace a ƙwayar jiki ɗaya kafin ciwon ya samu hanya. Ga wanda aka haifa da kwafi biyu lafiyayyu, haɗuwar ɓarna biyu a wuri ɗaya abu ne mai wuya kuma mai ɗaukar shekaru. Wanda kuwa aka haifa da kwafi ɗaya lalatacce, ɓarna guda ce ta rage masa a kowace ƙwaya ta jikinsa. Wannan ne dalilin da ya sa dajin gado yakan zo da wuri, yakan kuma kama gaɓoɓi biyu, kamar ido biyu ko mama biyu.

4.0 Ƙwayoyin Gadon da Aka Fi Sani

4.1 BRCA1 da BRCA2

Tun a 1866 likitan Faransa Paul Broca ya rubuta labarin dangin matarsa, inda sankarar mama ta yi ta bin mata daga kaka zuwa jika. Sai dai an yi fiye da shekara 100 kafin a gano dalili. A 1990 Mary-Claire King ta Jami'ar Kalifoniya ta nuna cewa akwai ƙwayar gado mai alaƙa da wannan ciwo a ƙunshi na 17. An tantance ta a 1994, ita ce ake kira BRCA1. A 1995 masu bincike a Ingila, ƙarƙashin Michael Stratton, suka tantance ta biyu, BRCA2, a ƙunshi na 13.

Kowane mutum, mace ko namiji, yana da waɗannan ƙwayoyi biyu, kuma aikinsu shi ne ɗinke DNA idan ya tsinke. Matsala tana zuwa ne idan ɗaya ta samu tangarɗa. Wani babban bincike da aka buga a 2017 ya nuna cewa daga cikin mata 100 masu tangarɗar BRCA1, kimanin 72 za su kamu da sankarar mama kafin shekara 80, kimanin 44 kuma da sankarar gidan ƙwai. Ga masu tangarɗar BRCA2, alƙaluman su ne 69 da 17. Idan aka kwatanta, a tsakanin matan Amurka baki ɗaya kimanin 13 cikin 100 ne ke kamuwa da sankarar mama a tsawon rayuwa, na gidan ƙwai kuwa bai kai 2 ba. Abin lura a nan shi ne, ko a cikin masu tangarɗar, kusan kashi 30 cikin 100 sukan kai tsufa ba tare da sankarar mama ba. Maza masu tangarɗar BRCA2 su ma suna cikin haɗarin sankarar mama da ta furostet, wato ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji.

4.2 Sauran Ire-irensu

Akwai wani rukuni da ake kira cutar Lynch, daga sunan likita Henry Lynch wanda ya yi bayaninta a 1966. Tangarɗar tana shafar ƙwayoyin da ke gyara kuskuren harafi a lokacin kwafi, kuma tana jawo dajin babban hanji da na mahaifa, sau da yawa kafin shekara 50. Akwai kuma tangarɗar TP53, wadda ke jawo daji iri-iri tun daga ƙuruciya. Dajin idon da Knudson ya yi nazari a kai yana fitowa ne daga tangarɗar RB1, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 na yaran da ke kamuwa da shi suna ɗauke da nau'in da ake iya gadarwa. Alamarsa ta farko ita ce farin haske a tsakiyar baƙin idon yaro. A ƙasashen da ake gano shi da wuri, fiye da yara 9 cikin 10 suna rayuwa.

5.0 Yadda Ake Rabon Wannan Gado

A nan ne kalmar gado take iya ruɗar da mai sauraro. A rabon dukiya bisa shari'a, kowane ɗa yana da rabo, kuma namiji yana samun ninkin na mace. Rabon ƙwayoyin gado ba haka yake ba. Mahaifi mai tangarɗa yana da kwafi ɗaya lafiyayye da ɗaya lalatacce, kuma ɗaya kawai yake bai wa kowane ɗa. Saboda haka yiwuwar kowane ɗa ya samu lalataccen ita ce 50 cikin 100, mace da namiji daidai. Kowace haihuwa lissafinta daban, don haka a cikin 'ya'ya shida ana iya samun uku da suka ɗauka, ana iya samun biyar, ana iya rasa ko ɗaya. Wanda bai ɗauka ba ba zai gadar wa 'ya'yansa ba.

Mutane da yawa suna zaton sankarar mama daga wajen uwa kaɗai take zuwa, tun da ciwon mata ne. Wannan kuskure ne. A ƙaddara wani manomi a Simsim wanda mahaifiyarsa ta rasu da ciwon mama tana da shekara 38. Shi lafiyarsa ƙalau, har ya tsufa bai taɓa kwanciya asibiti ba. Idan ya ɗauki tangarɗar daga mahaifiyarsa, kowace daga cikin 'ya'yansa mata tana da yiwuwar 50 cikin 100 ta samu, ko da babu mai ciwon a dangin uwarta. A idon mutane ciwon ya tsallake tsara guda, alhali kuwa ta jikin namiji ya bi.

Ya kamata kuma a bambanta wannan da sikila, wadda Hausawa suka fi sani. Sikila ba ta bayyana sai yaro ya samu tangarɗa daga uwa da uba duka biyu, shi ya sa ake gwajin jini kafin aure. Tangarɗar BRCA da ta Lynch kuwa kwafi ɗaya daga ɓangare ɗaya ya isa. Ke nan auren zumunci, wanda ya yawaita a Sudan da ƙasar Hausa, ba shi ne ke haddasa su ba, kuma auren bare ba ya kawar da su. Inda auren zumunci yake da tasiri shi ne a wasu cututtuka da ba a cika samu ba, masu bukatar kwafi biyu, kamar wadda ke sa fatar yaro ta kasa jure hasken rana har ta kai ga dajin fata.

6.0 Abin da Bincike ya Nuna a Sudan da Nijeriya

Sankarar mama ita ce dajin da ya fi kama mata a Sudan, kuma yawancin marasa lafiya suna isa asibiti ne bayan ciwon ya yi nisa. A 2007 masu bincike na Jami'ar Jazira da ke Wad Madani, tare da takwarorinsu na Italiya, suka buga sakamakon gwajin da suka yi wa mutum 35 masu sankarar mama daga tsakiyar Sudan, mata 34 da ciwon ya kama da ƙuruciya da namiji ɗaya. An samu tangarɗa mai illa a jikin mutum 5, wato kashi 14 cikin 100, kuma namijin yana cikinsu.

A Nijeriya an yi bincike mafi girma a Ibadan, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Olufunmilayo Olopade ta Jami'ar Shikago. Sakamakon da aka buga a 2018 ya ƙunshi mata 1,136 masu sankarar mama. Kashi 14.7 cikin 100 suna ɗauke da tangarɗa ta gado: kashi 7 a BRCA1, kashi 4.1 a BRCA2, sauran kuma a wasu ƙwayoyi kamar PALB2 da TP53. Wannan adadi ya zarce abin da aka saba samu a tsakanin marasa lafiya na Turai. Yawancin matan na kudu maso yammacin Nijeriya ne, saboda haka ba za a ɗora alƙaluman kai tsaye a kan Hausawa ba, amma sun nuna cewa dajin gado ba ciwon Turawa ba ne.

Akwai wata matsala da ta shafi 'yan Afirka musamman. Ba kowane sauyi a ƙwayar gado ne tangarɗa ba. Da yawa bambanci ne kawai marar illa, kamar bambancin karin harshe tsakanin Kananci da Sakkwatanci. Ana gane mai illa ne ta hanyar kwatanta shi da bayanan dubban mutane da aka riga aka gwada. Wani ƙiyasi na 2016 ya nuna cewa kashi 81 cikin 100 na mutanen da aka yi manyan binciken gado a kansu 'yan asalin Turai ne, alhali nahiyar Afirka ce ta fi kowace yawan bambancin ƙwayoyin gado. Sakamakon haka, ɗan Afirka ya fi yiwuwar ya karɓi takardar gwaji da ke cewa an ga sauyi amma ba a tantance ma'anarsa ba. Likitoci ba sa yin tiyata a kan irin wannan sakamako.

7.0 Ciwon Gida da Ba na Gado Ba

Samun mutum biyu ko uku masu daji a gida ɗaya ba ya tabbatar da gado. 'Yan gida ɗaya abinci ɗaya suke ci, al'adarsu kuma ɗaya. A Sudan, tumbak da ake sawa a leɓe yana da alaƙa da dajin baki, kuma ɗa yakan koya daga uba. Ƙwayar cutar hanta nau'in B tana iya wucewa daga uwa zuwa jariri ko tsakanin yara, ta jawo dajin hanta bayan shekaru. Gyaɗa ko hatsi da suka yi fumfuna a rumbu suna ɗauke da dafin da ke ƙara wannan haɗari. Dajin bakin mahaifa ma ƙwayar cuta ce ke kawo shi. Waɗannan duka ana iya tare su da allurar rigakafi ko sauya ɗabi'a ko kyautata ajiya. Kiran su gado yana iya sa mutane su saduda da abin da ke da mafita.

8.0 Amfanin Sanin Tarihin Gida

Gwajin ƙwayar gado da jini ko yawu ake yin sa, kuma an fi so a fara da wanda ke da ciwon a cikin dangi. Yana da tsada, kuma a manyan birane ko ƙasashen waje ake samun sa. Ga mutumin Simsim, ko maganin dajin ma tafiya ce mai nisa. Manyan cibiyoyin Sudan guda biyu su ne ta Hartum, wadda aka buɗe a 1967, da ta Jami'ar Jazira a Wad Madani. Yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilu na 2023 ya durƙusar da aikin ta Hartum. A watan Disamba na wannan shekara dakarun RSF suka kama Wad Madani, har zuwa watan Janairu na 2025 da sojoji suka karɓe ta. A tsakanin wannan lokaci dubban ɗaruruwan 'yan gudun hijira suka kwarara zuwa jihar Gadarif, cikinsu har da masu daji da maganinsu ya yanke.

A irin wannan hali, abin da ke hannun kowa shi ne tarihin gida. Alamun da likita yake nema su ne: daji kafin shekara 50, mutum biyu ko fiye na kusa a ɓangare ɗaya na dangi masu daji iri ɗaya, sankara a mama biyu, sankarar gidan ƙwai ko a wane shekaru, sankarar mama a jikin namiji, da dajin ido a jikin yaro. Ana bin tsara uku, a ɓangaren uwa da na uba, a rubuta irin ciwon da shekarun da ya kama mutum.

Tattara wannan bayani yana da wuya saboda dalilai na al'ada da na harshe. Salsalar Bahaushe ta maza take bi, saboda haka ana iya lissafa kakanni maza biyar a manta da abin da ya kashe goggo. Kunya kuma takan hana ambaton mama ko mahaifa, sai a ce "ciwon ciki" ko "ciwon ajali" ko "ta yi jinya". Ita kalmar daji ma a baki ana amfani da ita ga miki iri-iri da ya ƙi warkewa. Akwai kuma tsoron kada a ce gidan wane suna da mugun jini, 'yan matan gidan su rasa mijin aure. Mai tambaya, ko ma'aikacin lafiya ne ko tafinta tsakanin Hausa da Larabci, yana bukatar ya tambayi tsofaffin mata a keɓe, ya nemi bayanin inda ciwon ya fito da yadda ya kasance, ya kuma riƙe sirri.

Amfanin wannan sani a bayyane yake. Macen da aka san tana cikin haɗari akan fara duba mamanta a kai a kai tun tana da shekara 25 zuwa 30. Cire gidan ƙwai bayan an gama haihuwa, tsakanin shekara 35 da 45, yana rage haɗarin mutuwa ƙwarai. Cire mama biyu kafin ciwo yana rage haɗarin sankarar da kimanin kashi 90 cikin 100, kuma shi ne matakin da 'yar wasan Amurka Angelina Jolie ta bayyana ta ɗauka a 2013. Masu cutar Lynch akan leƙa hanjinsu da na'ura duk shekara ɗaya ko biyu, a cire tsiro kafin ya zama daji. Tun 2014 akwai maganin olaparib, wanda ya fi aiki a kan dajin masu tangarɗar BRCA. Inda babu waɗannan duka, macen da ta san kakarta da goggonta da wannan ciwo suka rasu ba za ta zauna wata shida da ƙullutu a mama tana jiran ya baje ba, kuma uwar da ta san an taɓa cire wa wani ido a dangi za ta kai jaririnta a duba shi tun kafin farin ya fito.

9.0 Kammalawa

Takardar ta nuna cewa kaso kaɗan ne na ciwon daji ke da tushe a gado, kuma abin da ake gada rauni ne a ƙwayoyin da ke gyara kurakuran jiki. Yana bi ta uwa, yana bi ta uba, rabon mace da namiji ɗaya ne, kuma ba kowane ɗa ne yake ɗauka ba. An ga kuma cewa binciken Wad Madani da na Ibadan sun tabbatar da samuwarsa a Sudan da Nijeriya. Ga al'umma irin ta Hausawan Gadarif, waɗanda danginsu suka rabu tsakanin ƙasashe kuma asibiti ya yi musu nisa, rubuta tarihin cututtukan gida tun tsofaffi suna raye aiki ne da ba ya bukatar na'ura. Ga ɗalibin harshe kuwa, aikin da ke gabansa shi ne ya lura da kalmomin gado da jini da daji a duk lokacin da yake fassara bayanin lafiya, ya tabbatar mai sauraro ya fahimci cewa maganar haɗari ake yi, wanda ake iya sa wa ido tun da wuri.